Giya mai ƙarfi ta ƙarshen shekara a Beljiyam da maƙwabtanta: tambayoyi da amsoshi

Da zarar Disamba ta kama, aka fara rataya fitilu a titunan Beljiyam, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawo mini daga 'yan uwa masu jin Hausa da suka zo karatu ko aiki: 'yan Jos da Kafanchan, 'yan Kano da Maraɗi, Kirista da Musulmi. Wani an miƙa masa kwalba a wurin aiki ya rasa yadda zai yi da ita, wata an gayyace ta cin abincin dare a gidan maƙwabta, wani kuma dama yana sha a gida, amma giyar nan ta ba shi mamaki. Ni Kirista ne, na yi shekaru ina hidimar tebur a wani gidan abinci a yankin Flanders da ke arewacin Beljiyam, nakan sha kaɗan, kuma yawancin aminaina ba sa taɓa ko ɗigo. Burina mai sha da wanda ba ya sha kowa ya san abin da ke cikin kwalbar kafin a buɗe ta a gabansa.

Kawu, wace giya ce ake ce wa "mai ƙarfi", kuma me ya raba ta da wadda muka sani a gida?

Ana auna ƙarfin giya da yawan barasar da ke cikinta, kuma a rubuce yake a jikin kowace kwalba: lamba, sai alamar kashi cikin ɗari. Star da Gulder da ire-irensu suna wajen kashi 5. Baƙar Guinness da ake yi a Najeriya tana da kashi 7.5, shi ya sa a gida ake mata kallon ta manya. To, inda Guinness ta tsaya, daga nan waɗannan suke tashi. Duvel kashi 8.5 ce, Chimay mai shuɗin tambari 9, Westmalle Tripel 9.5, Rochefort 10 kuwa 11.3. Akwai masu kaiwa 12, har 14, sun yi kafaɗa da ruwan inabi ke nan.

Abin da ya fi damuna da su shi ne ba a jin ƙarfin a baki. Ogogoro yana ƙona maƙogwaro, ya ja maka kunne tun a kurɓin farko. Wannan kuwa da zaƙi-zaƙi take zuwa, da ƙamshin dabino da busasshen inabi da cakulan, ga kumfa mai laushi a sama. Sai mutum ya miƙe tsaye sannan ƙafafunsa su ba shi labari. Lissafin yana a amsar tambayar "guda nawa", kuma idan amsa ɗaya kawai za ka karanta a nan, ka karanta ita.

Me ake nufi da giyar "kiraf" da nake ta gani a jikin shaguna?

Kalmar tana nufin sana'ar hannu, irin ta maƙeri ko majemi: ƙaramar masana'anta mai cin gashin kanta, wadda mai ita ya san kowace tukunya. Daga Amurka sunan ya bazu, bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, masu yi don sha'awa suka fara buɗe ƙananan masana'antu. Ƙungiyarsu ta can, Brewers Association, ta gindaya sharaɗi: kada abin da ake yi a shekara ya wuce ganga miliyan 6, kuma kada hannun jarin babban kamfanin barasa a ciki ya kai kashi 25.

A Beljiyam sunan ne baƙo, sana'ar tsohuwa ce. Gidan Dubuisson da ke ƙauyen Pipaix yana dafa giya tun 1769, kuma a 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar ƙasar cikin jerin gadon al'adun duniya. A Najeriya ma akwai mai irin wannan sana'a, Bature Brewery, wadda ta fara a Abuja kafin ta koma Legas. Sai dai kiraf ba ya nufin ƙarfi. Da yawansu ba su wuce kashi 5 ko 6 ba. Lambar jikin kwalba ce kaɗai abin dogaro.

Me ya haɗa giya mai ƙarfi da ƙarshen shekara?

Kaka da sanyi. A nan ana girbe sha'ir da furen hof, wanda ke ba giya ɗaci, a ƙarshen bazara, a dafa giya da sabon hatsi, a bar ta ta kwanta har lokacin biki. Kafin zuwan firiji, giya mai yawan barasa ce ke jure ajiya ba ta lalace ba, kuma manomin da zai karɓi baƙi a hunturu yana so ya fito da mafi kyawun abin da ke rumbunsa. A Norway ta dā har doka aka yi, ta Gulating, da ta wajabta wa manoma dafa giyar bikin hunturu.

Wasu sunayen da kowa ya sani yau a matsayin giyar Kirsimeti suka fara. Stella Artois ta fito a garin Leuven a 1926 don bikin, sunanta ma tauraro yake nufi, ko da yake ita ba ta cikin masu ƙarfi. Chimay mai shuɗin tambari an fara yin ta ne don Kirsimeti, mutane suka so ta, aka mayar da ita ta kullum. Yanzu daga Nuwamba za ka ga kwalabe da rubutun Kerstbier ko bière de Noël: Bush de Noël da Stille Nacht masu kashi 12, St. Bernardus ta Kirsimeti mai kashi 10, Gouden Carolus ta garin Mechelen. Wasu ana sa musu kayan ƙamshi irin su kirfa, kanumfari da ɓawon lemu. A garin Essen, kusa da iyakar Holan, ana yin bikin ɗanɗana su duk Disamba.

A daren 31 kuwa, gidaje da dama sukan ajiye shamfen gefe su buɗe babbar kwalbar giya mai santilita 75, mai toshiya da waya a baki, wadda ke yin ƙara idan an cire kamar ta shamfen ɗin.

Yaya ake yi har giya ta kai wannan ƙarfin? Barasa ake ƙara mata?

Ba a ƙara mata. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mata ke yin burukutu ya san rabin labarin. A jiƙa hatsi ya tsira, a shanya, a ɓarza, a dama da ruwan zafi har garin ya saki zaƙinsa, a tace, a tafasa. Bambancin shi ne a nan sha'ir ne a madadin dawa, kuma ana tafasawa da furen hof mai ɗaci, wanda ke ba da ƙamshi ya kuma hana tsami. Idan ruwan ya huce sai a zuba yis, shi kuma ya ci sukarin ya mayar da shi barasa da iska. Yawan hatsi da ƙarancin ruwa su ke kawo yawan sukari, yawan sukari ya kawo ƙarfi.

'Yan Beljiyam suna da wata dabara: sukan ƙara sukari tsantsa a tukunya. Yis yana cinye shi tas, barasa ta hau, amma giyar ba ta yi kauri ba. Shi ya sa Duvel take fara sol kamar giyar yau da kullum, tana sauka cikin sauƙi, alhali ta kusa ninka Star. Sunan nata da yaren yankin shaiɗan yake nufi. Sannan kafin a rufe kwalba akan ƙara ɗan sukari da sabon yis, giyar ta ci gaba da nuna a ciki na makonni. Wannan ne laka-lakan da kake gani a gindin kwalba. Burukutu kwana kaɗan take yi a shanye ta tana kan tsima, waɗannan kuwa watanni suke kwance.

Da gaske ne masu ibada ne suke dafa wasu daga ciki?

Da gaske ne. 'Yan zuhudu ne na ɗariƙar Trappist a cikin Katolika, waɗanda ƙa'idarsu ita ce addu'a da cin guminsu. Gidaje biyar ne a Beljiyam ke da tambarin yanzu: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Tambarin mai kusurwa shida ne, kuma sharuɗɗansa uku: a dafa a cikin harabar gidan zuhudu, a ƙarƙashin kulawar 'yan zuhudun, ribar kuma ta tafi ga bukatun gidan da taimakon mabukata. Na Chimay sun fara a 1862. Na Westvleteren kuwa sun ƙi faɗaɗa sana'ar, sai ka yi rajista ka samu rana kafin ka je ƙofarsu ka karɓi akwatinka.

Kada a rikita su da "giyar gidan zuhudu" irin Leffe da Grimbergen, waɗanda manyan kamfanoni ke yi da sunan tsofaffin gidajen ibada. Kuma hoton mai ibada a jikin kwalba ba ya rage mata komai; wasu daga cikin mafiya ƙarfi nasu ne.

Lambobin 6, 8, 10, 12 da kalmomin dubbel da tripel fa, su ne ƙarfin?

A'a, kuma nan mutane da yawa suke faɗawa. Babbar lambar da ke jikin Rochefort tsohon ma'aunin kaurin ruwan hatsi ne kafin a zuba yis. Rochefort 6 tana da kashi 7.5, mai lamba 8 tana da 9.2, mai lamba 10 tana da 11.3. Westvleteren 12 kuma kashi 10.2 ce. Nemi ƙaramar lambar da ke tare da alamar kashi, sau da yawa tana can baya ko a gefe.

Dubbel ruwan ƙasa ce, wajen kashi 6 zuwa 8. Tripel ruwan zinariya ce, 8 zuwa 10. Ta Westmalle da aka fara a 1934 ita ce uwarsu. Quadrupel baƙa-baƙa ce, daga 10 zuwa sama. Ka lura, tripel ta fi dubbel haske kuma ta fi ta ƙarfi, don haka launi ba ya gaya maka komai.

Idan na tsallaka Jamus ko Ingila hutu, me zan tarar?

A Jamus sunan da za ka kula da shi shi ne Bock, da yayansa Doppelbock. Asalin na biyun 'yan zuhudun Munik ne da suke sha a lokacin azumin Kirista, suka kira tasu Salvator; har yau tana da kashi 7.9, kuma masu kwaikwayonta sukan ƙare sunansu da "ator". Akwai Eisbock, ta garin Kulmbach, wadda ake daskarar da ita a kwashe ƙanƙarar: ruwa ne ke fara daskarewa, abin da ya rage sai ya ƙara ƙarfi. A Ostiriya akwai Samichlaus mai kashi 14, da ake dafawa rana ɗaya tak a shekara, 6 ga Disamba, a ajiye ta wata goma kafin ta fito.

A Ingila akwai wadda suke kira ruwan inabin sha'ir, mai kashi 8 zuwa 12, da baƙar giyar nan da masana'antun Landan suke aika wa fadar Rasha a ƙarni na 18, wadda har yau ake kira ta sarauta. Amurkawa sun ɗauki wannan baƙar suna kwantar da ita a gangar wuski. Bourbon County ta Chicago, wadda ke fitowa a ƙarshen Nuwamba, takan kai kashi 14.

Kwalbar ai 'yar ƙarama ce. Guda nawa mutum zai iya sha?

Mu yi lissafi. Babbar kwalbar gida santilita 60 ce, a kashi 5, barasa tsantsa mililita 30 ke nan. 'Yar kwalbar nan santilita 33 ce, a kashi 10, mililita 33 ke nan. Wato wannan 'yar abar da ke ɓacewa a tafin hannunka ta fi babbar kwalbar Star. Babbar mai toshiya, santilita 75 a kashi 12, daidai take da manyan kwalabe uku. Hanta kuwa ba ta san ana biki ba. Aikinta a hankali take yi, kuma kwalba ɗaya mai kashi 10 takan ɗauke ta wajen awa uku.

Ba zan manta wani yaronmu ɗalibi ba, shekararsa ta farko a nan. A taron ƙarshen shekara ya sha Rochefort 10 guda uku cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, yana dariya yana cewa ai a gida yakan sha manya biyu ya hau babur. Abin da ya sha ya kusa manya huɗu, kuma bai ci komai ba sai gyaɗa. Da muka neme shi muka rasa, na fita na same shi zaune a bencin tashar taragon cikin gari, ba riga mai kauri, numfashinsa na fita kamar hayaƙi, yatsunsa sun ƙame har ya kasa riƙe wayarsa, yana ce mini, "Kawu, zafi nake ji." Da daren ya ƙara nisa ba mu fito ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Shawarata ga mai sha ita ce ɗaya, a kan abinci, a hankali, da kofin ruwa a gefe. Mutanen ƙasar da suka san giyarsu haka suke yi. Za ka ga dattijo ya yi awa guda a kan kofi ɗaya yana hira. Babbar kwalba kuma ta mutum huɗu ko biyar ce.

Ba tana ɗumama jiki a wannan sanyin ba?

Ji kawai ake yi. Barasa tana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini mai ɗumi ya taso sama, ka ji kamar an lulluɓe ka, alhali zafin cikin jikinka ne ke fita waje. Ga shi kuma tana dushe hankalin da zai ce maka ka sa riga ka shiga ɗaki. Yaron da na ba da labarinsa a sama zafi yake ji lokacin da sanyi ke cin sa.

Zan iya tuƙi bayan kwalba ɗaya?

Kada ka yi. Iyakar doka a Beljiyam giram 0.5 ce a kowace litar jini, kamar a Jamus, Faransa da Holan, masu tuƙin haya da manyan motoci a Beljiyam kuwa 0.2. Kwalba ɗaya mai kashi 10 ta isa ta tsallakar da mutane da yawa wannan iyakar, musamman mata da marasa jiki. A Beljiyam dokar ta haɗa har da mai keke. A Disamba da Janairu 'yan sanda suna tare hanyoyi suna sa a hura na'ura, a ƙarƙashin gangamin BOB da aka fara tun 1995. BOB shi ne wanda ya yarda ba zai sha ba don ya kai kowa gida.

Kofi mai ɗaci, wanka da ruwan sanyi ko cin tuwo ba sa cire barasa daga jini, lokaci ne kawai ke yi. Wanda ya sha har ƙarfe uku na dare zai iya tashi da safe yana sama da iyaka.

Su wa ne bai kamata su kusance ta ba sam?

Mai juna biyu, ko kurɓi. Mai ciwon hanta, kuma a nan ina roƙon 'yan uwa su saurara: ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu na Afirka ta Yamma, mutum yakan ɗauke shi shekaru bai sani ba, barasa kuma tana gaggauta lalacewar hantar. Wanda bai taɓa gwaji ba ya roƙi likitansa ya yi masa. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin, sukarinsa na iya faɗuwa cikin dare yana barci. Sai mai gyambon ciki, da wanda ya taɓa fama da shaye-shaye ya daina.

A magunguna, kada a haɗa ta da Flagyl, ko tramadol, ko maganin tari mai kodin, ko maganin barci. Waɗannan na ƙarshe tare da barasa suna iya tsayar da numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Doka a Beljiyam da Jamus ta yarda ɗan shekara 16 ya sayi giya, har da waɗannan masu kashi 10, don haka iyayen matasa su san da wannan.

Ni Musulma ce, an gayyace ni liyafar ƙarshen shekara a wurin aiki. Yaya zan yi idan aka zo ɗaga kofi?

Hukuncin sha kin san shi, 'yar uwa: aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, da hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Batun zama a teburin da ake sha kuwa, malaminki za ki tambaya kafin ranar, don ki tafi ko ki ba da uzuri da natsuwar zuciya. Abin da zan iya gaya miki shi ne yadda abin yake gudana. Mai gida zai ɗaga kofinsa, kowa ya ɗaga, a ce "santé" da Faransanci ko "gezondheid" da yaren Flanders, duka lafiya suke nufi, a haɗa kofuna ana kallon juna ido cikin ido. Ba wanda ke leƙa abin da ke kofinki. Ruwa, lemu ko ruwan tuffa mai kumfa irin Kidibul duk suna yi.

Ki faɗa tun a ƙofa, kai tsaye: "Je ne bois pas d'alcool," ko "Ik drink geen alcohol." A shekarun da na yi ina zagaya tebura, waɗanda na ga an matsa wa su ne masu kame-kame, masu cewa "wataƙila anjima". Mai faɗa sau ɗaya a fili, sai a kawo masa lemunsa a wuce. Mutanen nan ma sun saba, don tun 2017 suna da Tournée Minérale, watan Fabrairu da dubbansu ke barin giya. Wannan amsar ta shafi 'yan uwana Kirista da majami'arsu ta koya musu ƙauracewa gaba ɗaya, kamar yadda da yawa suke a arewacin Najeriya. Kada kowa ya ji kunyar abin da aka rene shi a kai. Ki duba amsoshi biyu na gaba, nan ne aka fi yin kuskure.

Wadda aka rubuta "ba barasa" fa?

Iri biyu ce. Kalmomin alcoholvrij, sans alcool da alkoholfrei doka ta yarda a sa su ko da akwai ɗan abin da ya kai kashi 0.5 a Beljiyam da Jamus. Mai son kauce wa wannan ya nemi wadda aka rubuta 0.0. Yawancinsu giya ce aka dafa sannan aka cire mata barasa, ba kamar Maltina ko Malta Guinness ba, kuma malamai sun yi magana a kan wannan bambancin. Kwalaben sun yi kama da na ainihin sosai, har Leffe da Jupiler suna da nasu, don haka a wurin taro ka karɓi kwalbar a hannunka ka karanta da idonka.

Akwai abincin da ake sa wa giya ban sani ba?

Akwai, kuma a lokacin biki ya fi yawa. Na farko shi ne stoofvlees, da Faransanci carbonnade, naman sa da ake dafawa a baƙar giya. Romonsa ne sau da yawa ake zubawa a kan soyayyen dankali a rumfunan titi. Akwai zomo da ake dafawa da giya, akwai cukuwin Chimay da ake wanke bayansa da ita, akwai cakulan mai ruwa a ciki da ake rabawa a kwali, wanda wasu ke ɗauke da barasa mai zafi. Abin sha mai tururi da ƙamshin kirfa da ake sayarwa a kasuwar Kirsimeti, glühwein ko vin chaud, giyar inabi ce aka ɗumama.

Mai girki zai ce miki wuta ta ƙone barasar. Tana ragewa, amma ba ta ƙarewa tas ko bayan doguwar dahuwa. Ki tambaya kafin a zuba, ba wanda zai ji haushi.

An ba ni kwalba kyauta a wurin aiki. In ƙi karɓa ne, ko in kai gida tsaraba?

Kamfanoni da yawa suna raba kwandon ƙarshen shekara, kuma sau da yawa da giya a ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gaya wa mai shirya kwandon tun Nuwamba a canja maka. Da yawa suna da na waɗanda ba sa sha. Idan ta riga ta zo, ka yi godiya ka bayyana cewa ba ka sha, ka bar ta a wurin. Musulmi ya tuna cewa hadisi ya ambaci mai ɗaukar giya da wanda aka kai wa, don haka miƙa wa wani ma abin tambayar malami ne.

Tsaraba kuwa, ka duba inda za ka sauka. A Kano da wasu jihohin da ke bin shari'a an hana sayar da giya, Hisbah tana kamawa tana fasawa. Kuma giya mai yis a ciki ba ta son zafi da girgiza.

Ni ina sha. Yaya ake zuba ta yadda ya kamata?

Kada ka sanyaya ta kamar Star. Sanyi yana kashe ƙamshin, ya kuma sa ka yi ta kwankwaɗa. Digiri 10 zuwa 14 ya isa, wato ka fitar da ita daga firiji kamar rabin awa kafin buɗewa. A ajiye ta a tsaye, a wuri mai duhu, don yis ya kwanta. Kofin mai faɗin baki ne mai ƙafa, busasshe, marar maiƙo. Ka karkata shi, ka zuba a hankali ba tare da tsayawa ba, ka miƙe shi a ƙarshe kumfa ta taru kamar yatsu biyu, ka bar ɗan na gindin kwalba. Ka sansana tukuna. Yayin da take ɗumama a hannunka, ƙamshin yana sauyawa, daga gasasshen burodi zuwa dabino, shi ya sa gaggawa asara ce.

Baƙaƙen suna tafiya da cuku mai ƙarfi, gasasshen nama ko cakulan mai ɗaci. Na gwada da kilishi ma sun dace. Su ne kuma ke jure ajiyar shekaru, suna ƙara laushi. Farare irin tripel gara a sha su da wuri. Adadin yana nan yadda na faɗa a amsar "guda nawa".

Idan wani ya sha ya faɗi, me za mu yi?

Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe, gwiwa ɗaya a lanƙwashe, kai a ɗan karkace, don idan ya yi amai kada ya shaƙe. A rufe shi da bargo, wani ya zauna kusa da shi. Kada a ɗura masa ruwa ko kofi, kada a sa shi ƙarƙashin famfo. Idan an girgiza shi bai farka ba, ko numfashinsa ya yi jinkiri yana yankewa, ko leɓɓansa sun canja launi, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, a kira 112 nan take. Lambar tana aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai, kyauta. Na san wasunmu suna tsoron kiran hukuma saboda takardu ko don kada labari ya kai gida. Ku kira, ku gaya wa masu motar asibiti abin da ya sha da adadinsa da duk maganin da yake sha.

Kai Kawu, me kake ajiyewa a teburinka daren 31?

Muna dawowa daga addu'ar tsallake shekara ne mu tarar da maƙwabta sun fara taruwa. Uwargida takan dafa zoɓo da citta da kanumfari ta kawo shi da zafi saboda sanyi, tulu biyu, kuma shi ke fara ƙarewa. Akwai Maltina daga shagon 'yan Afirka, akwai ruwan tuffa na yara. Babbar kwalbar St. Bernardus guda ɗaya nake saye, tana can kan wani ɗan tebur daban kusa da taga, da ƙananan kofuna biyar, don abokaina Musulmi su zauna a babban teburin hankali kwance. Makullan motar masu sha suna cikin kwano a kan firiji, a hannun wani aminina ɗan Damagaram wanda shi ne BOB ɗinmu shekara da shekaru, kuma shi ke raba mutane gidajensu bayan an gama kallon wasan wuta.